"Da Sauƙi": Haƙuri Da Ciwon Kan Wanda Ya Tashi Daga Shanyewar Ɓarin Jiki

A ƙasar Hausa akwai tambayar da amsarta ɗaya ce tal. Idan aka shiga ɗakin majiyyaci aka ce, "Sannu Baba, yaya jiki?", abin da za a ji shi ne, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ko daren jiya bai rintsa ba, ko kansa na sara kamar ana daka a ciki, haka zai ce. 'Yan dubiya su amsa da "Allah ya ƙara sauƙi," su ajiye lemo da ayaba, su tashi. Ladabi ne mai kyau, babu mai hankalin da zai ce a bar shi. Matsalar tana somawa ne ranar da majiyyacin ya ɗauki wannan amsa ya shiga da ita ɗakin likita.

Wanda ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki ya fi kowa faɗawa wannan tarko. Idon iyali gaba ɗaya yana kan abin da ake gani: hannun da ya saki, ƙafar da ake ja, bakin da ya karkace. Ranar da ya iya riƙe cokali, gida ya ɗauki murna. Ranar da ya taka zuwa zaure da sanda, har maƙwabta sai sun ji labari. Amma a cikin kansa akwai wani abu da babu mai gani. Wani ya ce kamar an naɗa masa rawani an tamke. Wani ya ce kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙeya. Wata ta ce ba ciwo ba ne sosai, nauyi ne kawai da ba ya sauka, wanda hayaniyar jikoki ko hasken rana ke ƙara wa ƙarfi. Idan ya buɗe baki zai faɗa, sai wata murya a zuciyarsa ta ce: Allah ya tashe ka daga inda wasu ba su tashi ba, yanzu kuma ciwon kai za ka yi ƙorafi a kai?

Wannan murya ita ce abin dubawa, domin da rigar addini take zuwa.

Likitoci sun san wannan ciwo, har suna da suna da ma'auni a kansa. A kundin rarraba nau'o'in ciwon kai na duniya da aka sabunta a 2018, an ware wa ciwon kan da ya zarce wata 3 bayan shanyewar jiki gurbinsa na musamman. Ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin zafi, shi ya sa ake iya yi wa mutum aiki a cikinta yana farke. Masu jin zafin su ne tantanin da ya lulluɓe ta, da jijiyoyin jini, da fatar kai, da naman wuya da kafaɗa. Jinin da ya zuba a cikin kai yana fusata wannan tantani. Mutumin da ɓarin jikinsa ya yi rauni yana zama a karkace, wuyansa ya sanƙare, ciwon ya haura zuwa ƙeya. Rashin barci, da fargaba, da ciwon damuwar da ke kama kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira, duk suna ƙara wa wutar itace. Akwai ma wani nau'in zafi da ke tasowa daga inda cutar ta lalata hanyoyin jin taɓi a can cikin ƙwaƙwalwa, wanda likitocin Faransa biyu, Dejerine da Roussy, suka bayyana tun 1906.

Kuma abin ba na nesa ba ne. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, har da na koyarwa na Kano da Zariya, ya fitar da sakamakonsa a 2018 bayan nazarin masu shanyewar jiki 2,118. Kashi 68 cikin 100 toshewar jijiya ce ta kayar da su, kashi 32 kuwa fashewarta, wanda ya ɗara abin da ake gani a Turai da Amurka nesa ba kusa ba. Hawan jini ne ya tsaya a gaban duk sauran dalilai. Nau'in fashewar nan kuwa shi ne ya fi zuwa da matsanancin ciwon kai.

To, shin faɗin ciwo yana rage ladan haƙuri?

Masu ganin yana ragewa ba su rasa madogara ba. An ruwaito cewa Ɗawusu, babban tabi'in nan na Yaman, almajirin Ibnu Abbas, ya ƙi nishin mara lafiya. Aka ce da labarin ya isa ga Imamu Ahmad ɗan Hambali a ciwonsa na ajali a Bagadaza, shekara ta 241 bayan hijira, sai ya daina nishi har ya cika. Labari ne mai sa tsikar jiki tashi, kuma masu wa'azi suna son sa. Ya kuma dace da tarbiyyar gida, inda ake koya wa yaro tun yana ƙarami cewa namiji ba ya raki, mace ta gari ba ta tona cikinta, mahaƙurci mawadaci. Dauriya da kunya suka haɗu da wannan ruwaya, sai aka sami dattijon da zai kwana riƙe da kai, da safe ya ce wa ɗansa lafiya lau ya tashi.

Sai dai malamai ba su bar maganar a nan ba. Imamu Nawawi ya raunana ra'ayin cewa nishi makaruhi ne, bisa hujjar cewa babu wani hani tabbatacce a kansa, ko da yake shagala da zikiri ya fi. Imamu Buhari kuwa ya ware babi guda a sashen marasa lafiya na ingantaccen littafinsa kan halaccin majiyyaci ya faɗi cewa yana jin ciwo, kuma cikin misalan da ya kawo, abin mamaki, har da na kai. Ciwon ajalin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekara ta 11 bayan hijira, da ciwon kai ya fara. Nana A'isha ta yi kukan kanta a gabansa, bai tsawata mata ba, sai ma ya shaida mata cewa nasa kan ne ke ciwo. A cikin waɗannan kwanaki ya hau mumbari kansa ɗaure da ƙyalle, jama'a na gani. Kafin nan, a Hudaibiyya, shekara ta 6, ya ga Ka'abu ɗan Ujrata ƙwarƙwata ta addabe shi yana cikin harami, ya tambaye shi ko abin na cutar da shi. Ka'abu ya ce e. Wannan "e" ɗin ce ta jawo masa izinin aske kai da biyan fansa, sauƙin da ke cikin Suratul Baƙara har gobe. Da ya ce "da sauƙi," da ya ci gaba da susa.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya warware ƙullin a littafinsa kan haƙuri. Ya bambanta mai kai ƙarar Ubangijinsa wurin bayi, cikin fushi da hukuncinsa, da mai bayyana halinsa don neman taimako ko shawara. Na farko ne ke rusa haƙuri. Na biyu bai taɓa shi ba, kuma misalin da malamin ya bayar shi ne majiyyaci a gaban likita. Annabi Ayuba, wanda Bahaushe ke buga misalin haƙuri da shi, ya faɗa wa Ubangijinsa ƙarara cewa cuta ta shafe shi, kuma Alƙur'ani ya yabe shi da haƙuri bayan wannan furuci. Annabi Yaƙubu ya yi kuka har idanunsa suka yi fari. Abin da Imamu Ahmad ya yi tsantseni ne da ya zaɓar wa kansa a bakin kabari, lokacin da magani ya riga ya ƙare. Mayar da shi doka a kan mai jinyar da ke da sauran kwana zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Dalilin da ya sa wannan bambanci ya wuce muhawarar zaure shi ne, a ciwon kai, bakin majiyyaci ne na'urar awo. Hoton ƙwaƙwalwa yana nuna inda jini ya zuba ko inda nama ya mutu, amma ba ya nuna zafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita yana buƙatar ya ji: a ina yake, yaushe yake tashi, sara yake ko matsewa, yana ƙaruwa da sunkuyo ko tari, ya fara ne bayan an sauya magani? Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin wasu magungunan hawan jini, irin su nifedipine da amlodipine, da kansu suna iya sa ciwon kai, kuma sauya su abu ne mai sauƙi ga likitan da aka gaya wa. Wanda ya yi shiru kuwa, sau da yawa a ɓoye yake daina shan maganin, ya buɗe wa cutar ƙofar dawowa.

Shirun yana da wata hanyar cutarwa, wadda ke bi ta kemis ɗin bakin layi. Dattijon da ya ji nauyin gaya wa likita ba ya jin nauyin aiken jika da 'yan canji. Ibuprofen da diclofenac suna ɗaga hawan jini, suna kuma ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan asfirin ko warfarin. Wasu magungunan ciwon ɓarin kai masu matse jijiya an hana su ga duk wanda ya taɓa samun shanyewar jiki. Farasitamol ma, mai sauƙin kai, idan ana shan sa kwana 15 ko fiye a wata har tsawon wata 3, yakan koma shi ne ke haddasa ciwon. Tiramadol da kodin kwana 10 a wata sun isa su yi wannan ɓarna. Sai mutum ya shiga kewayen da ba shi da ƙofa: ciwo ya sa shi sha, sha ya sa shi ciwo, shi kuwa yana ta cewa jarrabawa ce.

Batun ƙaho ma na buƙatar gaskiya. Ya tabbata cewa Manzon Allah ya yi ƙaho a tsakiyar kansa saboda ciwon ɓarin kai, a wani wuri da ake kira Lahyu Jamal a hanyar Makka, yana cikin harami. Darasin farko a nan shi ne ya nemi magani da abin da zamaninsa ya sani. Amma mai shan maganin da ke hana jini daskarewa, tsagar wanzami a wurinsa ba kamar ta kowa ba ce, jinin na iya ƙin tsayawa. Tofi da addu'a da karatun Alƙur'ani ba sa karo da kowace ƙwayar magani. Aska kuwa tana yi, don haka a tambayi likita kafin a kira wanzami.

Akwai kuma waɗanda sujada ce ke tayar musu da nauyin kan, su ɗago duniya na juya musu, amma su ƙi salla a zaune don kada a ce sun gaza. Yaron da ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san cewa an jera wa mara lafiya halaye 7 na yin sallar farilla, daga tsayuwa har zuwa kwanciya, kuma mai kasa sujada yana yin nuni. Wanda ya shar'anta sallar shi ya shar'anta sauƙin. Faɗuwa a kan darduma ga mai shan maganin tsinka jini ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi ciwon kansa nauyi ga da yawa shi ne tsoro. Duk sarawar da kai ya yi, zuciya ta ce ga ta nan ta dawo. Maganin wannan tsoro sani ne. Ciwon da aka saba da shi, mai zuwa ya tafi yadda ya saba, na kai wa likita ne ranar asibiti. Wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da amai, ko karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, ko sabon rauni a hannu, ko dishewar gani, ko magagi, wannan na tafiya asibiti ne a take, ko ƙarfe biyun dare ne. Jill Bolte Taylor, masaniyar ƙwaƙwalwa a Amurka, ta farka ranar 10 ga Disamba 1996, tana da shekara 37, da wani ciwo mai tsanani a bayan idonta na hagu. Ba ta gane ba, har ta hau na'urar motsa jiki, alhali jijiya ce ta fashe a kanta. Ta ce shekara 8 ta ɗauka kafin ta murmure. Idan wadda ƙwaƙwalwa ce sana'arta ta ruɗu na ɗan lokaci, ina ga tsohon da aka raina a kan cewa faɗin ciwo raki ne?

Nauyin a nan ya koma kan masu jinya. Bayan an amsa wa baƙi "da sauƙi" sun watse, ɗa ko 'ya ko matar gida ta matso ta yi tambaya ta biyu: "Baba, kan fa? Ina ne yake maka ciwo?" A rubuta ranakun da ya tashi da ƙwayoyin da aka sha, a tafi da takardar asibiti. Idan cutar ta taɓa harshe har ba ya iya faɗa, a lura da yamutsa fuska, da dafe kai, da gudun haske. Malaman da ke zuwa dubiya su ma su gaya wa majiyyaci da bakinsu cewa bayyana ciwo ga likita ba ya taɓa ladansa, domin daga gare su ne zai fi yarda. Kuma ranar da alamun haɗari suka bayyana, kada a tsaya jiran gari ya waye ko babban wa ya dawo daga kasuwa: allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.