Ajiyar Ɗalibi a Hannun Mai Mabuɗin Kowa

A jami'o'i da dama na Turai da Amurka, da zarar an yi wa ɗalibi rajista sai a yanka masa ɗan fili a cikin babbar na'urar ajiya ta makaranta. Duk kwamfutar da ya zauna a gabanta a ɗakin karatu, in ya shigar da sunansa da kalmar sirrinsa, sai folda ta bayyana, sau da yawa da harafin H a gefenta. Da dare kuma, yana gida a kan katifa, sai ya kunna VPN, wato hanyar shiga na'urar makaranta daga nesa, wayarsa ta nuna masa lambobi shida, ya kwafe su, foldar nan ta sake buɗewa: ga babi na uku na kundin digirinsa daidai inda ya tsaya da rana, ga hoton fasfo ɗinsa, ga takardar likita da ya nemi a ɗaga masa jarrabawa da ita, ga wata wasiƙa da ya rubuta bai aika ba. Jami'a da bakinta ta ce masa wurin nasa ne. Sai dai faifan da kayan nan ke kwance a kai yana can cikin wani ɗaki mai sanyi da ɗalibin bai taɓa takawa ba, kuma a sashen kula da na'urori akwai waɗanda za su iya buɗe foldar ba tare da kalmar sirrinsa ba. To, da yake suna iya buɗewa, ya halatta su buɗe? A ganina bai halatta ba sai da lalura, kuma hujjar hakan ta girmi kwamfuta da sama da shekara dubu.

Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan hulɗa wadi'a, wato ajiya. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya kawo hukuncinta a Risala, littafin da har gobe ake karantawa a zaurukanmu, Khalil kuma ya faɗaɗa shi a Mukhtasar a ƙarni na 14. Asalin hukuncin shi ne wanda aka ba ajiya amintacce ne. In kaya suka salwanta ba da sakacinsa ba, ba zai biya ba. In ya yi sakaci ko ya wuce gona da iri, ramuwa ta hau kansa. Abin da ya faru a Jami'ar Kyoto ta Japan a Disambar 2021 ya shiga wannan ma'auni tsaf: kuskure a wata manhajar da aka sabunta ya goge bayanai kimanin terabait 77 na masu bincike, kamfanin da ya yi sabuntawar kuma ya amsa laifinsa. Har cakuɗa ajiya malamai sun yi magana a kai. Sun hana mai ajiya ya haɗa kayan wani da nasa ta yadda ba za a iya rarrabewa ba, amma sun sassauta a zuba alkama cikin alkama irinta don a fi tsare ta. Kusan haka na'urar jami'a ke yi, domin fayilolin dubban mutane a faifai ɗaya suke, abin da ya raba su kawai shi ne tsarin izini da ke cewa wane ne zai ga me.

Cikin abubuwan da ke ɗora wa mai ajiya ramuwa akwai amfani da ita ba da izini ba, kamar ya sa rigar da aka ba shi ajiya ko ya hau dabbar. A nan wani zai ce kwatancin ya ɓaci: riga tana tsufa in an sa, dabba tana gajiya in an hau, amma fayil ko sau dubu aka buɗe shi ba ya raguwa da harafi ɗaya, to me aka cuci mai shi? Maganar tana da kyau a kunne, amma ta manta da mene ne amfanin rubutu. Riga sawa ake yi, rubutu karantawa ake yi. Wanda ya karanta ya riga ya sa rigar. Har ma abin ya fi muni, don riga ana tuɓewa a wanke a mayar, abin da ido ya gani kuwa ba ya komawa. Ma'aikacin da ya karanta takardar likitan nan zai ci gaba da sanin ciwon ɗalibin ko da ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Shi ya sa Alƙur'ani bai tsaya a kan dukiya kaɗai ba. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, hadisi ingantacce kuma ya nuna cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin. Mai leƙe ta kafar ƙofa bai ɗauki ko tsinke ba, duk da haka shari'a ta tsananta a kansa.

Hujja ta biyu da mai suka zai kawo ta fi ƙarfi: na'urar ta jami'a ce, ita ke biyan kuɗin wuta, kuma ɗalibi ya amince da ƙa'idojin amfani, waɗanda galibi suke cewa ana iya duba abin da ke ciki. Mallakar ɗaki dai ba ta mayar da kayan cikinsa na mai ɗaki. Fataken goro da na shanu sun daɗe suna barin kaya a hannun fatoma a zango, ɗakin nasa ne, mabuɗin na aljihunsa, amma babu wanda ya taɓa ɗaukar cewa hakan ya ba shi damar kwance ƙullin baƙonsa. Sharaɗin da aka amince da shi kuwa gaskiya ne yana ɗaure mutum, ban musa ba. Sai dai yarda tana tsayawa inda manufarta ta tsaya. Ɗalibin da ba shi da zaɓi, don in bai danna amincewa ba ba zai yi karatu ba, ya yarda ne a duba in an yi zargin ɓarna mai tushe, ko kotu ta nema, ko na'ura ta lalace ana gyara. Bai yarda wani ya buɗe don son ganin ƙwaƙwaf ba, ko don shugaban sashe yana son sanin wa ke rubuta ƙorafi a kansa.

Saura batun tsaro, kuma a nan dole a yi wa masu kula da na'urori adalci. A ranar 23 ga Disambar 2019 ɓarayin intanet suka kulle na'urorin Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan, bayan sun samu shiga tun watan Oktoba ta hanyar saƙon imel na yaudara, har jami'ar ta biya kusan Yuro 200,000 kafin a buɗe mata. Wanda ya ga haka ba zai ce a bar foldoji ba bincike ba. Tsare ajiya wajibi ne a kan mai ajiya, barin ta ba tsaro ma shi ne sakacin. Amma ƙa'idar malamai ita ce lalura gwargwadonta ake auna ta. Manhajar da ke bi ta kan fayiloli tana neman alamar cuta ba ta san me wasiƙa ta ƙunsa ba, ba ta tunawa, ba ta tsegumi. In ta kai ga sai mutum ya buɗe, to ya buɗe abin da ake zargi kaɗai, da umarnin wani da ke sama da shi, a rubuta rana da dalili, a kuma sanar da mai ajiyar da zarar sanarwar ba za ta ɓata bincike ba. Shi ma ɗalibin akwai nasa kason. Kalmar sirrin da ya miƙa wa aboki don ya buga masa takarda, musamman in da ita ake shiga VPN, ƙofa ce a katangar da ta kewaye ajiyar kowa, saboda haka ba tasa ce shi kaɗai ba balle ya bayar aro.

Akwai kuma hukunce-hukunce biyu da jami'o'i suka fi sakaci da su. Malamai sun ce mai ajiya ba ya miƙa ta ga wani na uku ba da uzuri ba. To jami'ar da ta kwashe foldojin ɗalibanta ta kai OneDrive ko Google Drive, ko da uzurinta karɓaɓɓe ne, wajibi ne ta gaya musu ƙarara a hannun wa kayansu suke yanzu. Sai mayarwa, wadda aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da ita. A shekarar 622, lokacin hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Sayyadina Ali a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali garin ne ake ƙulla kashe Manzon a ciki. Ɗalibin da ya kammala, ko ma wanda aka kora, yana da haƙƙin a sanar da shi ta hanyar da saƙon zai same shi, a ba shi wa'adin da ya isa ya kwashe kayansa, sannan a rufe asusun a goge foldar.