Sunan Wa Za Mu Rubuta A Watan Tunawa Da Matattu?

Kowace shekara idan 2 ga watan Nuwamba ta zagayo, mukan rubuta sunayen 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, mu miƙa a bagade domin a tuna da su cikin Hadaya Mai Tsarki. A nan ƙasar Daura, inda Kirista ba su da yawa, akwai tambayar da ke damun zukata: mutumin da ya zauna bakin gadon mahaifiyarmu a asibiti, ya ba ta ruwa, ya kwantar mata da hankali har ta cika, amma shi ba Kirista ba ne, idan ya rasu, ya halatta mu rubuta sunansa?

Domin mu sami amsa, bari mu duba mutanen da muka gaji Tsohon Alkawari daga hannunsu, wato Yahudawa. A manyan asibitocin Amurka da Ingila akwai malamansu da ake kira rabbi, waɗanda aikinsu shi ne zama da marasa lafiya da masu jinya. A shekarar 1990 irin waɗannan malamai suka kafa ƙungiyarsu a Amurka, wadda yau ake kira Neshama, kalmar Ibrananci mai nufin rai ko numfashi. Sau da yawa majinyacin da suke riƙe wa hannu ba Bayahude ba ne. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne a gare su, gama littafin Talmud ya koyar da cewa a je dubiyar marasa lafiya na sauran al'ummai tare da na Isra'ila, saboda zaman lafiya. Malamansu na dā har sun ce mai zuwa dubiya yakan ɗauke wa majinyaci kashi ɗaya cikin 60 na ciwonsa.

Idan irin wannan malami ya rasu, iyalinsa sukan kunna kyandir mai cin awa 24 kowace shekara a ranar rasuwarsa, su yi addu'ar da suke kira Kaddish. Abin lura shi ne, addu'ar ba ta ambaci mutuwa ba ko sau ɗaya. Ɗaukaka sunan Allah take yi daga farko har ƙarshe. To, iyalan Kirista da ya yi wa hidima fa? Su yi shiru ke nan?

Ikilisiya ba ta ce su yi shiru ba. Da fari, yi wa matattu addu'a a wurin Yahudawa muka same shi. Littafin Makabiyawa na Biyu, sura 12, ya ba da labarin yadda Yahuza Makabi ya tara kuɗi ya aika Urushalima domin a miƙa hadaya saboda sojojinsa da suka mutu, kimanin shekara 160 kafin haihuwar Ubangijinmu. Na biyu, Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar a 1964 cewa ceto yana iya kai wa ga wanda bai san Bisharar Kristi ba, ba da laifinsa ba, muddin ya nemi Allah da zuciya ɗaya, ya bi lamirinsa. A 28 ga Oktoba 1965 ta fitar da takardar Nostra Aetate, inda ta yi maganar Yahudawa da Musulmi da girmamawa. Na uku, doka ta 901 cikin dokokin Ikilisiya ta ba Fada izinin miƙa Hadaya domin kowane mutum, rayayye ko matacce.

Wani zai ce, ashe wannan ba ya nuna dukan addinai ɗaya ne? Ko kaɗan. Tunawa da mutum ba yi masa baftisma ba ce a bayan ransa. Ya rayu Bayahude ko Musulmi, ya mutu a haka, kuma rashin ladabi ne mu laƙaba masa abin da bai amsa ba. Abin da muke yi shi ne mu shaida a gaban Allah cewa wannan bawa nasa ya yi mana alheri a ranar da ƙarfinmu ya ƙare. Hukunci na Allah ne, shaida kuwa tamu ce. A Bisharar Matiyu, sura 25, waɗanda Sarki ya karɓa saboda sun dubi mara lafiya su kansu ba su san wanda suka yi wa hidima ba.

Mutanen Daura sun san wannan darasi tun kafin mu zo da shi. Rijiyar Kusugu tana nan har yau, kuma labarin da aka gada ya ce baƙo ne, Bayajida, ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa in ba ranar Juma'a ba. Garin bai manta da shi don baƙuntarsa ba. A asibitocinmu kuwa, yawancin masu yi wa 'yan'uwanmu allura da tsakar dare, da maƙwabcin gado da ke raba kununsa da mu, Musulmi ne. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Saboda haka, a wannan Nuwamba, mu rubuta sunayensu tare da na namu. Mu je mu gaishe da iyalansu, mu faɗa musu abin da mamacinsu ya yi mana, domin wataƙila ba su taɓa ji ba. Sa'an nan mu ɗauki aikin da suka bari. Dayosis ɗinmu na Katsina, wanda aka kafa a 2023, ba shi da isassun Fada da za su tsaya a kowane ɗakin jinya. Amma akwai katikis, akwai Zumuntar Mata, akwai matasa. Zumunci a ƙafa yake. Idan mun je dubiyar namu, mu tsaya mu yi wa na gadon kusa sannu, ba tare da tambayar inda yake sujada ba.

Allah ya ba su hutawa ta har abada, ya sa mu ma a sami mai zama kusa da mu a tamu ranar. Amin.