Ɗigo a kan allo, kabari a Maijirgi

Wanda ya bi babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, idan ya wuce Tasawa, zai iske garin Maijirgi. A nan kaburburan hafsoshin Faransa biyu suke, Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Ba mayaƙan ƙasar ne suka kashe su ba, sojojinsu ne suka juya musu bakin bindiga a watan Yuli na 1899. Waɗannan kaburbura ne suke faɗo mini a rai duk lokacin da na karanta labarin yaƙin da ake gwadawa cikin kwamfuta.

Bari in yi wa mai karatu bayanin abin a taƙaice. A 1916 wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya fitar da lissafin da ke cewa idan ana faɗa da bindigogi, ƙarfin runduna yana tafiya ne da yawanta an ninka shi da kansa. Runduna mai mutum 200 ta fi mai mutum 100 ƙarfi sau huɗu ke nan, ba sau biyu ba. Lissafin ya ɗauki sojoji kamar hatsi a mudu. A wajajen 1997 Andrew Ilachinski, mai bincike a wata cibiya da ke yi wa sojan ruwan Amurka aiki, ya bi wata hanya da manhajarsa mai suna ISAAC. Kowane soja ɗigo ne a kan allo, ja ko shuɗi, yana da iyakar inda idonsa ke kaiwa da inda harbinsa ke kaiwa. An kuma ba shi “hali”, wato ƴan lambobi da ke auna yadda yake son kusantar abokinsa ko abokin gaba, mai lafiya ko mai rauni, da tutarsa ko tutar maƙiyi. Ba wanda ke jan ragamar kowane ɗigo. Sai a sake su, a ga sun yi sahu, sun yi ƙawanya, wani lokaci sun watse da gudu, alhali ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Duk wanda ya taɓa zama a gindin itaciya a Mayahi yana kallon dattawa suna dara ya san rabin zancen. Bambancin shi ne a nan ƴaƴan darar ne ke motsa kansu.

Ba zan yi wa abin rashin adalci ba. Ana iya maimaita faɗa ɗaya sau dubu ba a zubar da jinin kowa ba, kuma hafsan da ya ga yadda ƙaramin kuskure ke rusa runduna a kan allo yana iya zama mai jinkirin jefa ƴaƴan mutane cikin wuta. Wannan amfani ne na gaske.

To, mu zuba kwanakin nan huɗu na 1899 a ciki mu gani. Labarin ta’asar ayarin ya riga ya isa Faransa, har aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu. Ya bi su ta cikin ƙonannun garuruwa, ciki har da Birnin Ƙonni da aka yi wa kisan gilla a watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli ya tarar da Voulet a Dankori, ya hana mutanensa harbi, Voulet kuwa ya sa aka harbe shi. Bayan haka Voulet ya shaida wa ayarin cewa shi ya fita daga Faransanci, daular kansa zai kafa. Ranar 16 sojojin suka yi bore suka kashe Chanoine, ranar 17 aka harbe Voulet.

Da farko na zaci nan ne na’ura za ta gaza, domin ɗigo ba ya ƙin umarni. Da na ƙara tunani sai na ga na yi gaggawa. Ana iya rubuta wa ɗigo ƙa’ida cewa idan tsoronsa ya kai kaza, amincewarsa da shugaba ta sauka ƙasa da kaza, to ya juya. Boren zai fito a kan allo sarai. Abin da ba zai fito ba shi ne niyya, mu kuwa an tashe mu a kan cewa da niyya ake auna aiki. Kuma niyyar waɗannan sojoji ba fara tas ba ce. Hannayen da suka kashe Voulet su ne suka cinna wa rumbuna wuta wata da watanni, kuma da alama tsoron kada su sake ganin gida ya fi tausayin talakawa ƙarfi a zukatansu. Mako biyu bayan nan, ƙarƙashin wasu hafsoshi, suka ci Damagaram. Na’ura za ta gaya maka bindiga ta juya. Ko mai riƙe da ita ya tuba ne ko ya canza ubangida, wannan shari’a ce da sai mutum ya zauna ya yi.

Amma ba nan damuwata ta fi tsanani ba. Ta fi tsanani a kan wanda ba ja ba, ba shuɗi ba: matar da ke bakin rijiya, ɗan dakon da aka ɗaure wa igiya a wuya, tsohon da ya kasa gudu. Za a ce mini manhajojin da suka biyo baya suna da ɗigon farar hula. Haka ne. Sai dai wani ne ya zauna ya ba shi lamba, ya yanke ko mutuwarsa za ta shiga lissafin nasara ko ba za ta shiga ba. Wannan hukunci ne na ɗabi’a, amma ya sa rigar lissafi, shi ya sa ba mai tsayar da shi ya tambaye shi daga ina.

Ayarin Voulet ma a kan takarda aka fara shi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar wa Faransa hanya mai ƙarancin ruwa. Aka ja layi daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, aka saki ɗaruruwan masu bindiga da ƴan dako ba tare da isasshen guzuri ba. Masu shirin ba su rubuta “a ƙone garuruwa” ba. Tambayar me za a ci, me za a sha, ita ce suka bari ba amsa, rumbunan mutanenmu da rijiyoyinsu suka amsa ta. Muguntar Voulet tasa ce, ba na rage masa ko ƙwaya. Amma gurbin da ta shiga ta zauna, masu taswira ne suka bar shi a buɗe, kuma ba a taɓa gurfanar da su ba, sai aka ɗora komai a kan hauka da zafin ranar Afirka.

Shi ya sa nake ganin mai rubuta irin wannan manhaja ba zai ce shi ma’auni kawai ya ƙera ba. Maƙerin takobi yana iya cewa bai san wuyan da za ta sara ba. Wannan kuwa shi ke zaɓar wanda za a gani da wanda ba za a gani ba, kuma hafsan da ya shekara yana atisaye a filin da babu rijiya, idonsa zai saba.

Malaman tarihi na Tasawa da Mayahi suna da abin gwaji a hannu, ko babu kwamfuta. A zana taswirar a ƙasa, a raba wa ɗalibai tsakuwa, wasu su zama mutanen Klobb, wasu na Voulet, a bar su su buga. Idan sun gama, a tambaye su a wane rami suka ajiye kakanninsu.