SHIN KARE DA KYANWA SUNA DA HAKKI A KANMU?

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, a ƙauyenmu Kuki ta ƙasar Dutsin-Ma, na taɓa sa hannu cikin kisan wani kare. Wata rana ce da rani, wani yaro ya sheƙo yana kururuwa wai mahaukacin kare ya cije shi a bakin rijiya. Kafin ka ce kwabo mun taru, kowa da dutse ko sanda, muka bi karen nan har gindin wata kuka, muka yi ta jifa har ya daina motsi. Da yamma sai ga wani mafarauci yana cigiyar karyarsa mai shayarwa. Ashe ƙishirwa ce ta kai ta rijiya, yaron kuwa shi ya fara taka mata wutsiya. Tun ran nan na ke tambayar kaina: laifi muka yi, ko kuwa kare kai?

Da na zo jami'a sai na nemi amsar a wajen doka. Kundin dokokin laifuffuka na Arewa, watau Final Kod, wanda aka yi a 1959 ya fara aiki a 1960, kuma jihohinmu suka gada suna yi masa gyare-gyare, bai manta da dabbobi ba. Sashe na 207 na ainihin kundin ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ga wanda ya doki dabbar gida da mugunta ko ya azabtar da ita, har da mai shirya karon raguna ko faɗan zakaru. Wani sashen kuma ya sa kashe dabbar wani cikin laifin ɓarnar dukiya. A ɗaya gefen, Dokar Karnuka ta 1943 ta ba hukuma ikon kama karnuka da hallaka su saboda ciwon haukan kare.

To, mai karatu, duba ka gani. A fahimtata doka ba ta hana kisa ba, azabtarwa ta hana, sa'an nan ta kare dukiyar mai dabba. Ke nan mu yaran Kuki mun yi laifi biyu: mun azabtar, mun kuma yi wa mafarauci ɓarna. Amma fa in da karyar nan ba ta da ubangiji, aka kashe ta farat ɗaya ba gaira ba dalili, da wuya a sami mai kai ƙara, balle alƙalin da zai saurara. A nan ne doka ta tsaya, lamiri ya karɓa.

Addininmu ya riga doka nisa a kan wannan. Hadisi ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta don ta ɗaure kyanwa, ba ta ci da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba a ce karen na wani ne ba, hakkin na karen ne kansa. A mazhabar Malikiyya da mu ke bi, kare mai rai ma ba najasa ba ne. Duk da haka shari'a ta halatta kashe kare mai cizo, ta kuma yi umurni da kyautata kisa in ya zama dole. Turawa sai daga baya suka iso nan: a 1789 wani masanin Ingila, Jeremy Bentham, ya nuna cewa abin dubawa ga dabba shi ne tana jin zafi, ba wai tana da hankali ko magana ba, kuma sai a 1822 majalisarsu ta yi dokar hana zaluntar shanu da dawaki.

Na san wani zai ce, "Malam, kana zancen tausayin kare alhali haukan kare na kashe 'ya'yanmu?" Gaskiya ne, ba na musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa kowace shekara da wannan ciwo, galibi a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana sai dai ikon Allah. Ran mutum ya fi na kare, kuma karen da ya tabbata mahaukaci kashe shi wajibi ne. Sai dai gaggawar jifa ba ta taimaki yaron da aka ciza da kome ba. Abin da likitoci suka ce shi ne a wanke ciwon da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya asibiti a fara allura, a kuma tsare karen kwana 10 in zai yiwu, domin in ya kai haka lafiya lau, to ba ya ɗauke da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizon. Mu da muka kashe karyar nan mun kashe shaida ke nan. Sun kuma nuna cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari rigakafi shi ke katse cutar, ba kisan kan mai uwa da wabi ba. Ga Cibiyar Binciken Dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin allurar. Rigakafi ai ya fi magani.

Ita kuwa kyanwa, laifinta bai kai ko'ina ba. Ta ci ɗan tsako, ko kuwa baƙa ce an ce mayya ce, sai a sa ta a buhu a jefa kududdufi, a manta da ɓerayen da ta kore daga rumbu.

Saboda haka ga inda na tsaya. Kisan kare ko kyanwa ya halatta da sharaɗi uku: a sami cuta tabbatacciya ba jita-jita ba, a rasa wata hanyar kauce mata, a kuma yi shi nan take ba da azaba ba. Wanda ya ajiye kare bai ci da shi ba, bai yi masa allura ba, shi ya kamata a fara tuhuma, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan'uwana ɗalibai, in mun koma gida hutu muka ji yara na kururuwar mahaukacin kare, mu tsayar da su mu tambaya tukuna. Ni da na sami mai tsayar da ni a gindin kukar nan, da 'yan kwikwiyon mafarauci ba su kwana da yunwa ba. Allah ya yafe mana, ya sa mu dace.