WANKAN JEGO: GATA NE KO GANGANCI?

Gabatarwa

Na san tun daga kan wannan maƙala wani zai ce, "To shi kuma wannan, namiji da shi, ko aure bai yi ba, me ya kai shi bayan ɗakin mai jego?" Tambaya ce mai kyau, kuma kakata ta riga kowa yi mini ita. Amsata ita ce, itace ne ya kai ni. Duk gidan da aka yi haihuwa akwai wani yaro da ke faskare da ɗebo ruwa, a gidanmu kuwa da ke Garu, cikin ƙasar Illela, dab da iyakar Nijeriya da Nijar, ni ne wannan yaro. Wanda ya hura wuta yana da hannu a abin da ta dafa. Don haka nake so mu dubi wannan tambaya tare: shin ya halatta mutum ya ce wa al'adar da ta rene shi, "Don me?"

Yadda Al'adar Take

A wajenmu an fi cewa wankan biƙi, wasu wurare kuma wankan jego. Da zarar mace ta sauka, za a girka babbar tukunya ko rabin ganga, a tafasa ruwa, ungozoma ko wata tsohuwa ta tsoma ganyen runhu ko na dogon yaro tana fyaɗa mata a jiki, safe da yamma, har kwana 40, wasu ma su zarce. Ana dama mata kunun kanwa, a gasa mata nama da yaji, a rufe ɗaki a hura wuta. A da har gadon ƙasa ake ginawa a zuba garwashi ƙarƙashinsa ta kwanta a kai. Ba ta daka, ba ta surfe, ba ta zuwa ko'ina sai ta yi arba'in. In haihuwar fari ce, gidan iyayenta take komawa.

Dalilin duk wannan ɗaya ne. Bahaushe ya yarda cewa jikin mai jego ɗanye ne, kuma babban abokin gabansa shi ne sanyi. In sanyi ya shige ta, ta kumbura, ta lalace. Maganin sanyi kuwa zafi: zafin ruwa, zafin wuta, zafin yaji da kanwa.

Kafin in ce komai, bari in ba al'ada haƙƙinta. Mace a karkara ba ta san wani abu wai shi hutu ba. Daga turmi sai rijiya, daga rijiya sai murhu. Kwanakin jego su kaɗai ne ake ɗauke mata aiki, a ba ta nama ba tare da ta jira ragowar kowa ba, uwa da goggo su kewaye ta suna koya mata riƙon jariri. Ba mu kaɗai muka gane wannan ba. Mutanen ƙasar Sin suna killace mai jego wata guda, mutanen Meziko kwana 40 kamar mu. Su kansu likitoci, idan mace ta rasu cikin kwana 42 bayan haihuwa saboda abin da ya shafi cikin, a cikin mace-macen haihuwa suke lissafa ta. Ashe tsofaffinmu da ba su shiga aji ba sun daɗe da gano cewa waɗannan makonni shida siraɗi ne.

Abin Da Ya Faru A Gidanmu

A watan Mayu na 2022 yayata ta zo gida wankan fari. Kowa ya san zafin ƙasar Sakkwato a wannan wata, mutum yana zaune a inuwa ma gumi yake. A cikin wannan hali nake faskare da asuba, in sake yi da la'asar, ina jin daɗi wai ina taimakon 'yar'uwata.

Wajen mako na uku sai ƙafafunta suka fara kumbura. Da dare mukan ji tarinta, har ta kai ba ta iya kwanciya sai dai ta jingina da bango ta kwana a zaune. Na sami kakarmu, wadda ita ke riƙe da wankan, na ce, "Kaka, anya ba za a kai Yaya asibiti ba?"

Ta dube ni ta ce, "Kai maigidana, mi kas sani ga sha'anin mata? Sanyi na yash shige ta. Ɗiya tara nih haifa, duk da ruwan ga nit tashi. Mai biƙi ba ta hita sai ta yi arba'in. Tai ka ƙaro itace."

Na tafi na ƙaro itace. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa a kunu, kumburi kuma ya ƙaru. Sai da numfashinta ya fara sarƙewa sannan mahaifinmu da mijinta suka rufe ido suka ɗauko mota, muka yi tafiyar fiye da kilomita 80 zuwa Sakkwato. Likita ya ce zuciyarta ce ta raunana, ruwa ya taru mata a huhu da ƙafafu. Ya hana kanwa, ya ce a rage gishiri, a bar ruwan zafi. Allah Ya yi da sauran kwananta, amma har yanzu tana shan magani, an kuma gargaɗe ta cewa wani cikin yana da haɗari gare ta. Yarinya ce da ba ta kai shekara 25 ba.

Bayan ta farfaɗo na tambaye ta, "Yaya, tun yaushe kika ji abin?" Ta ce tun kafin a yi mako biyu. Na ce me ya hana ta magana? Ta ce, "A ce ina da raki? Haihuwar fari, gaban Kaka da Inna?"

Me Masana Suka Gano?

Da na koma makaranta sai na shiga bincike, kuma ba zan ɓoye ba, makamin da zan sari al'ada da shi nake nema. Da farko na samu. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga nazarin da suka yi kan mata 224 da aka kwantar a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da ciwon zuciya na bayan haihuwa. Sun lura kusan dukkansu Hausawa ne ko Fulani, kuma ciwon ya fi yawa a watannin zafi da damina. Suka ɗora zarginsu kan kanwa da zafi. Bayaninsu mai sauƙin ganewa ne: kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa, zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki, ga ta kuwa ba ta gama hutawa daga ɗawainiyar ciki ba. A nan Sakkwato ma, a 2007, Isezuo da Abubakar na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun sami ciwon a wajen haihuwa 1 cikin kowace 102, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya.

Na ce to, magana ta ƙare, an kama ɓarawo. Ashe da saura. A 2020 Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon nazarin mata 406 masu wannan ciwo daga asibitoci a sassan Nijeriya, suka kwatanta su da masu jego lafiyayyu. Ba su sami shaidar cewa wankan jego ko kunun kanwa ne ke haddasa ciwon ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jini na lokacin ciki. Watau dai talauci ne ke ƙarƙashin tabarmar.

Wannan ya sanyaya mini gwiwa, ya kuma koya mini ladabi. Mu 'yan boko muna da saurin yanke wa iyayenmu hukunci da takarda ɗaya da muka karanta, alhali shi ilimin da muke taƙama da shi kullum cikin gyara kansa yake. Amma fa a lura, cewa wanka ba shi ya kawo ciwon ba, ba ya nufin ya dace da wadda ciwon ya riga ya kama. Duk likitan da ke duba mai raunin zuciya zai hana ta gishiri, balle kanwa cokali-cokali. Ga kuma ƙunar da tafasasshen ruwa ke yi wa wasu mata, wadda ba ta bukatar wani dogon bincike, ido ya isa shaida.

Ina Aibin Yake?

A ganina aibin ba a cikin tukunya yake ba, a cikin fassara yake. Al'adar ta tanadi amsa ɗaya ga kowace alama. In mai jego ta warke, wanka ne ya yi. In ta kumbura, wankan ne bai isa ba, a ƙara. In ta rasu, an ce ta yi wasa da wanka, ko kuwa kwana ya ƙare. Ta kowace fuska al'ada ta fita ba laifi. Kakata ta ce ta haifi tara ta tashi, gaskiya ne. To amma tsararrakinta da ba su tashi ba fa, wa zai ba da shaidarsu? Waɗanda suka haye ne kaɗai ke ba da labarin kogi.

Na biyu, wadda ake yi domin ta ita kaɗai ce ba a tambaya. An koya mata kunya da dauriya, halaye ne kyawawa, amma a ɗakin jego sai suka zama gammon da ake ɗora mata kaya a kai. Jikinta ne a cikin ruwan, ita ta fi kowa sanin inda ke mata ciwo, bakinta kuwa a ɗaure.

Na uku, killacewar da aka yi don ta huta ta koma katanga tsakaninta da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego da jaririnta a ranar farko, da ta uku, da tsakanin ta 7 da ta 14, da kuma bayan mako shida. Uku daga cikin huɗun nan sun faɗa cikin kwanakin da muka ce ba ta fita.

Sau da yawa in an ƙure mai kare al'ada sai ya fake da addini. To mu duba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zauren malami a ƙasar nan, an nuna cewa in jinin haihuwa ya ɗauke, ko da kusa da haihuwar ne, mace ta yi wanka ta yi salla, iyakarsa kuma in ya zarce kwana 60 ne. Ba a ambaci tafasasshen ruwa ba, ba a ambaci kanwa ba. Daɗin daɗawa, shari'ar da ta yarje wa majiyyaci ya bar alwala ya yi taimama in ruwa zai cutar da shi, yaya za a ce ita ta wajabta ruwan da ke sa mace suma? Malamai suna girmama al'ada matuƙar ba ta kawo cuta ba, tsare rai kuwa yana cikin manyan manufofin shari'a. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Macen da ba ta san kumburi da sarƙewar numfashi alamun haɗari ne ba, an bar ta cikin irin wannan duhu.

Kammalawa

Ba ina kira a fasa tukunya a watsar da jego ba ne. Na ga matan birni da suka bar al'adar gaba ɗaya, kwana uku da haihuwa suna tsugune gaban murhu ba mai taya su, wannan ma ba ci gaba ba ne. Abin da nake cewa shi ne a raba tsaba da tsakuwa. A riƙe hutun kwana 40, da nama, da kewayewar dangi. A sirka ruwa ya zama mai ɗumi wanda jiki zai iya ɗauka. A dama kunu a rage kanwa, mai hawan jini kuwa a hana ta ɗungum. Kuɗin itacen da ake ƙonawa safe da yamma a karkatar da rabinsa wajen abincinta tun tana da ciki. Uwa uba, kowace ungozoma da kowace kaka ta san cewa kumburi, da tarin dare, da haki, da zubar jini mai yawa, da zazzaɓi, da matsanancin ciwon kai, ba a jiran arba'in da su. Kuma a riƙa tambayar mai jego, "Yaya kike ji?" a saurari amsarta.

Da muka dawo daga Sakkwato na tarar da kakata zaune kusa da murhun wankan, toka ta huce. Ban ce mata komai ba, ita ta fara magana. Ta ce, "Maigidana, abin da anka yi min shi niy yi mata." Na san gaskiya ta faɗa, kuma na san da ƙauna ta yi. Ni ma da ƙauna na faskara itacen. Abin da ya rage mana duka biyu shi ne ba wanda ya tsaya ya ce, "Don me?" Tambayar nan ba raini ba ce ga magabata, domin su ma da suka kafa al'adar rayuwar mai jego suke nema, wanda ya gyara hanya don a kai ga abin da suke nema kuwa bai saɓa musu ba.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, musamman mata da ke cikinmu waɗanda suka fi ni sanin wannan ɗaki, su ɗauki alƙalami su gyara mini inda na kauce. Allah Ya raya abin da aka haifa, Ya ba masu jego lafiya, amin.