Abin da ƙarfi ba ya fiddawa da rai

A tuddan Tanut yaro kan tsinci dutse mai naɗi kamar ƙahon rago. Ɓawon wata halittar teku ne, irin waɗanda Bafaranshe René Chudeau ya yi rubutu a kansu tun 1909. Masana sun ce shekaru wajen miliyan 95 da suka wuce, Damargun da muke noma da kiwo a cikinta ƙarƙashin teku take.

Namu tekun ya ƙafe, amma a ƙasan waɗanda suka rage akwai tsohuwar laka mai rai a cikinta. A 2020 Yuki Morono na Japan da abokan aikinsa sun bayyana cewa sun ciyar da bakteriya, ƙananan halittun da ido ba ya gani, daga lakar tekun Pasifik mai shekara miliyan 101, suka farfaɗo har suka hayayyafa.

Wuyar irin wannan bincike ita ce raba halittun da laka, domin suna manne da ƙwayoyinta da wani yauƙi da suke fitarwa. In an girgiza da ƙarfi ainun, da yawa sai su fashe. Shi ya sa wasu masana ke amfani da anzim, dangin sinadarin da ke cikin ganyen gwanda mai tausasa nama. Yauƙin yake narkarwa, ya bar halittar da ranta.

A nan tambayata take, ya ku malamai: abin da muka fiddo da ƙarfi daga bakin ɗalibi, ilimi ne ko gawarsa?

Na taɓa koyar da wani yaro daga Belbeji wanda ba ya buɗa baki a darasin Faransanci. Na yi tsawa, na ɗaga bulala, ya maido mini da hadda babu ma'ana. Ran da na ce ya fara faɗi da Hausa, sai ga tunani tsaf. Ashe tsoro ne ya ɗaure shi, ni kuwa shi nake duka, ba ɗaurin ba.

Za a ce aji ya cika maƙil, jarrabawa na tafe, ina lokacin lallashi? Gaskiya ne, dabarar tausasawa tana cin lokaci, kuma ba kowa take kwancewa ba. Amma wanda ya fashe ba ya ɗinkuwa, wanda ya yi jinkiri kuwa ana iya jiransa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Kafin mu ɗaga hannu, mu nemi abin da ya ɗaure yaron.