Gyaran Tsohuwar Motar Soja Domin Mazan Jiya a Zangunan Accra

Hausawan Ghana sun daɗe da sanin kaki, tun daga dakarun da Kyaftin John Glover ya jagoranta a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, har zuwa rundunar Gold Coast Regiment wadda Hausa ta zama harshen barikinta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da yawa daga sojojin da suka koyi tuƙi da kanikanci sun rungumi sana'ar mota, abin da ya sa a unguwanni irin su Nima da Maamobi tarihin soja da na direba ke haɗuwa a gida guda. Idan jikan ɗaya daga mazan jiya, wato tsofaffin sojoji, ya samo mushen jif ko tsohuwar Bedford, ya yi ta zarya kasuwar Abossey Okai yana neman kayan gyara domin ya tayar da ita da sunan kakansa, tambayar da ke tasowa ita ce wane ne ke cin moriyar wahalar, mamacin ko kuwa mai rai.

Ta fuskar shari'a, mota ba gunki ba ce, kuma adana kayan magabata halal ne muddin ba a jingina musu wata albarka ba. Sai dai hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito ya taƙaita abin da ke bin mutum kabari ga sadaka mai gudana, wato alherin da jama'a ke ci gaba da amfana da shi, da ilimi mai amfani, da addu'ar ɗa nagari, kuma motar da aka lulluɓe da tamfol, ba a fitowa da ita sai ranar hawan salla, ba ta shiga ko ɗaya daga ciki. Malamai na da hujja idan suka ji tsoron israfi, wato ɓarnar dukiya, a unguwar da matar wani tsohon soja ke rasa kuɗin magani, haka kuma riya, wato aiki don idon mutane, tana saurin shiga duk abin da ke da fenti da ƙaho.

Duk da haka, rage wa aikin daraja saboda ba ya kai lada kabari kuskure ne, domin masu rai ma suna da haƙƙin sanin asalinsu, kuma yaron da bai taɓa buɗe littafin tarihi ba zai tsaya ya shafa sitiyari, ya tambayi dalilin da ya sa babu ƙofa a jikin motar. Masana falsafar Girka sun yi jayayya a kan jirgin ruwan Theseus, wanda aka yi ta sauya katakonsa ɗaya bayan ɗaya, ko shi ne na asali ko wani ne daban, kuma jif ɗin da aka sauya masa inji da birki da kujeru yana fuskantar wannan tuhuma. Abin da ke riƙe da asalinsa shi ne labarin da ake bayarwa a gefensa, kuma a nan ne amanar take da nauyi.

Mota mai sheƙi tana iya ƙawata abin da ba shi da kyau. Sojojin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da aka kai Burma a Yaƙin Duniya na Biyu sun sare daji sun fasa hanyar jif mai tsawon kimanin mil 75 zuwa kwarin Kaladan, amma dubbai daga cikinsu a ka suka ɗauki harsashi da abinci, ga shi kuma yaƙin na daular da ke mulkinsu ne. Da suka dawo, alkawuran aiki da fansho ba su cika ba, har ta kai a ranar 28 ga Fabrairun 1948 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a mararrabar Christiansborg da ke Accra, suna kan hanyar kai wa gwamna kokensu. Jikan da ya gyara jif ya ɓoye wannan ɓangare ya girmama rundunar Ingila fiye da kakansa, alhali wanda ya faɗi labarin dakon da na harbin ya mayar da motar ilimi mai amfani, musamman idan ya bar ta tana kai marasa lafiyar unguwa asibitin Maamobi da niyyar ladan ya isa ga tsohon.